Fulogi Huɗu da Hanyar Biu

Motar Malam Yoila Dzarma ta fara tari ne tun farkon damina. Da safe sai ya murza makulli sau uku ko huɗu kafin ta kama, in ta kama kuma ta yi ta karkarwa a tsakar gida kamar mai zazzaɓi. Idan ya taka totur zai hau titi sai ta ɗan yi shiru tukuna, kamar tana shawara, sannan ta fizga. Mai kuwa shan sa take yi ba kama hannun yaro. Korola ce fara, tsohuwar yayi, wadda ya saya tun yana akawu a sakateriya. Yanzu shekara shida ke nan da ya yi ritaya, kuma iyakar tafiyar motar daga gidansu na Gomari a Maiduguri zuwa coci, daga coci zuwa kasuwa, wani lokaci ya kai matarsa Florence asibiti a auna mata jini.

Ranar wata Lahadi, sun dawo daga sujada ke nan, wayar Florence ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa masa.

"Yaya Kezia ce."

Kezia yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi da shekara bakwai. Tana zaune a ƙauyensu, can gaba da Biu. Ita ta goya shi, ita ta riƙa sayar da gyaɗa tana saya masa littafi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Ya karɓi wayar ya fita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Suka gaisa da harshen Bura, ta tambayi Florence da ƙafarsa mai ciwo, ya tambayi ruwa da gona. Daga nan ta ce:

"Yoila, idona na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na daman ma hazo nake gani da shi. Ina so in ga fuskarka kafin shi ma ya tafi."

"Yaya, motar ce ba lafiya. Da zarar an gyara ta zan taho."

"Bara ma haka ka ce."

Ta jira kaɗan, ta ce ya gaida 'yarsa Peace in sun yi waya, ta kashe.

Shekara goma sha ɗaya rabonsa da ƙauyen. A zuwansa na ƙarshe, lokacin da hanyoyi suka fara lalacewa, ya je ne bayan girbi. Ranar komawa aka cika masa but da masara, aka ɗora buhunan gyaɗa da wake a kujerar baya har da ta gaba, don a Maiduguri abinci ya yi wuya a shekarar. Ishmael, ɗan autan Kezia, yana karatu a jami'a, zai koma makaranta a ranar. Ya zo da jakarsa ya leƙa motar, ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba wurina a nan." Yoila ya ce masa ya shiga bas a Biu, su haɗu a gida da yamma. Bas ɗin ta riga shi tashi da kamar rabin awa. Kafin ya kai Damboa ya ga motoci suna juyowa a guje, direbobi suna ɗaga hannu suna cewa a koma, an tare hanya. Ya juya tare da su. Daga cikin mutanen da ke bas ɗin nan, huɗu ne kawai suka dawo gida, kuma Ishmael ba ya cikinsu.

Ya zauna zaman makoki kwana uku, ya kasa haɗa ido da yayarsa. Da aka buɗe hanya ya zagaya ta Gombe ya dawo Maiduguri, bai sake komawa ba. Shekarun farko ba wanda ya ga laifinsa, don kowa ma tsoron hanya yake ji. Daga baya mutane suka ci gaba da zirga-zirga ta Damaturu, 'yan cocinsu suna zuwa Kirsimeti suna dawowa da labari, shi kuwa kullum akwai dalili. Wata shekarar ƙafa, wata shekarar zafi, yanzu kuma mota.

Florence ba ta cika matsa masa ba. Amma wannan karon ta kira 'yarsu Peace a Abuja ta gaya mata abin da bakanike ya daɗe yana faɗa, cewa fulogin motar ne suka gaji. Cikin mako guda saƙo ya iso ta tasha: fulogi huɗu a cikin kwali mai sheƙi, irin masu siririn baki da ake cewa ba sa mutuwa da wuri. Yoila ya juya kwalin, ya yaba, ya sa a durowa. Ya yi sati uku a can.

Ranar wata Talata ya fito zai je sayen burodi, ya tarar da kwalin a kan kujerar direba. Florence tana shanya a igiya, ba ta ko juyo ba.

"Baban Peace, in ka sayo burodin ka wuce wurin Ba'ana. Na dafa wake, ba zai huce ba kafin ka dawo."

Ba'ana Bukar ne bakaniken da ke duba motar tun ranar da aka sayo ta. Mutumin unguwar Fezzan ne, kakanninsa ma a nan aka haife su, amma bayan ambaliyar da ta cinye rabin gari ya kwashe abin da ya tsira na kayan aikinsa ya dawo Gomari, ya kafa rumfa a ƙarƙashin wasu darbejiya uku kusa da hanyar filin jirgi. Dogo ne, siriri, gemunsa ya yi fari, kuma ba ya gaggawa a magana ko a aiki. Da ya hango Korolar tana shigowa tana jijjiga ya miƙe daga kan benci, ya gaishe shi da Kanuri.

"Wushe, Malam. Yau dai ta matsa maka?"

"Maman Peace ce ta matsa mini," in ji Yoila. Ya miƙa masa kwalin. "Ga su nan, daga Abuja. An ce irin waɗannan sai mota ta yi kilomita dubu ɗari ba a taɓa su ba."

Ba'ana ya karɓa, ya ajiye a kan benci bai buɗe ba. Ya ɗaga bonet, ya kai bayan hannunsa kusa da injin.

"Bari ya huce. Ba a kwance fulogi da zafi, sai zaren kan injin ya biyo shi. Zauna mu sha shayi."

Suka zauna. Jirgi ɗaya ya sauka, ƙararsa ta hana su magana na ɗan lokaci. Suka taɓa hirar ruwan bana, da yadda har yanzu Ba'ana yake tsintar laka a cikin akwatin sifanunsa. Da injin ya huce ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya hura ƙurar da ke ramukan, ya sa doguwar sifana ya kwance fulogin. Ya jera su a kan wani yankin kwali yadda suke a injin, na ɗaya zuwa na huɗu.

"Matso ka gani, Malam. Sa tabaraunka."

Yoila ya sunkuya. Dukkansu huɗun bakinsu ya yi baƙi ƙirin, busasshen baƙi kamar gindin tukunya.

"Ka ga wannan baƙin? Ba baƙin mai ba ne. Da jiƙe yake da mai, da na ce maka ringi ya tafi, aiki ya zama babba. Wannan hayaƙi ne kawai. Fulogi mai lafiya kalar ƙasa yake yi, kamar gasasshen burodi. Naka sun yi baƙi ne don motar ba ta tafiya. Kafin injin ya yi zafin da zai ƙone dattin, ka iso inda za ka ka kashe ta." Ya ɗauki na uku ya nuna masa tsinin tsakiya da farcensa. "Nan kuma ka ga ya cinye, ya zama kamar kan ashana. Tazarar da wuta za ta tsallaka ta yi faɗi. Shi ya sa take wahalar tashi da safe, shi ya sa take rawa in tana tsaye. Sau biyu ina goge maka su da burushin waya. Gogewa tana cire datti, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye."

"Yaushe muka sa su ma?"

"Shekarar da ka yi ritaya. Irin waɗannan na gama-gari, in sun yi kilomita dubu talatin sun biya ka. Wanda ba ya duba mita kuma, motar ma za ta gaya masa. Taka tun farkon damina take gaya maka."

Sai a lokacin ya buɗe kwalin Peace. Ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi a haske, ya gyaɗa kai alamar abu ne mai kyau. Daga nan ya ɗauki tsohon ya haɗa su gefe da gefe a tafin hannunsa. Ya bar Yoila ya gani da idonsa. Zaren sabon ya fi na tsohon tsawo da kusan faɗin ɗan yatsa.

"Ba zai shiga ba ne?" Yoila ya tambaya.

"Zai shiga. Matsalar ke nan. Zai shiga ya wuce inda ya kamata ya tsaya, fistin ya taso ya same shi. Daga murza makulli ɗaya sai mu sauke inji. Wannan na sababbin motoci ne, irin ta mijin Peace. Ba laifinta ba ne, ta ce Korola aka ba ta na Korola. Amma Korolar kala-kala ce."

"Ai kuwa da tsada ta saye su."

"Na sani. Masu kyau ne ƙwarai, sai dai ba na motarka ba ne. Kowane inji da lambar fuloginsa. Tsawon zare, da kaurinsa, da irin zafin da yake ɗauka, duk suna cikin lambar nan da ke jikin farin. In za ka sa mai siririn baki ma akwai na injinka, amma sai lamba ta yi daidai."

Yoila ya miƙe tsaye, ya ji wani sauƙi ya sauko masa a ƙirji wanda shi kansa ya ji kunyarsa.

"To shi ke nan. Mayar mata da tsofaffin haka nan. Zan aika wa Peace ta canjo, ko zuwa ƙarshen wata mai zuwa."

Ba'ana ya dube shi ta saman kafaɗa. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Fulogin wannan motar ko a Tashan Baga an fi Abuja yawansa. Tashi mu je. Tsofaffin nan kam ba zan mayar da su da hannuna ba."

Suka tari Keke Napep. A layin 'yan kayan gyara Ba'ana ya wuce shaguna da dama yana amsa gaisuwa da Kanuri, tsohon fulogin yana aljihunsa. A shagon farko da suka tsaya aka fito musu da kwali mai lambar da suke nema. Ya zaro ɗaya, ya murza rubutun da babban yatsa, rubutun ya fara gogewa. Ya juya shi ƙasa, zoben ƙarfen da ke gindin zaren ya zame ya faɗo a tafinsa. Ya mayar, ya yi godiya, suka fita.

"Jabu ne," ya ce wa Yoila a waje. "Na asali zoben ba ya fita sai ka yi da gaske, rubutun kuma a gashe yake. Wannan in ka sa shi zai yi maka wata biyu lafiya lau, ya bari sai kana tsakiyar daji."

A shago na uku, wurin wani dattijo da ya kira Alhaji Hamisu, suka samu. Ba'ana ya duba huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya gwada tsawonsu da tsohon, ya karanta lambar da ƙarfi kamar mai karanta sunan ɗalibi. Sannan ya ce a naɗe.

Da suka koma rumfar rana ta take. Ya auna tazarar bakin kowanne da wani siririn ƙarfe, ya zura na farko a rami, ya riƙa juya shi da yatsu kawai.

"Da hannu ake fara ɗaurawa," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "In ya hau zare a karkace, hannu zai ji. Sifana ba ta ji. Sai ya zauna tukuna ka ɗan ƙara masa da ita, kaɗan, ba kamar kana ɗaure taya ba."

Ya mayar da wayoyin kowace a wurinta, ya ce wa Yoila ya tayar. Murzawa ɗaya ta kama. Yoila ya zauna riƙe da sitiyari yana jiran karkarwar da ya saba da ita, ba ta zo ba. Injin yana ta kaɗawa a hankali, sumul, har yana iya jin kukan kurciya a saman darbejiya.

Ya fito ya zagaya motar.

"Burkin fa? Kwanan baya na ji kamar yana ƙara."

"Mun canja shi bayan Sallah."

"Tayoyin nan na baya ban yarda da su ba."

"Lafiyarsu ƙalau. Har safayar na duba."

"To lagireto? Ka san in ta yi doguwar tafiya..."

"Malam." Ba'ana ya rufe bonet ɗin, ya dafa shi da hannu biyu. "Wata huɗu kana zuwa nan. Na duba burki, na duba ruwa, na duba giya. Abu ɗaya da na ce ka canja shi ne ka ƙi canjawa sai yau. Yanzu ba abin da ya rage a motar nan. In ka ce in nemo mata ciwo, ƙarya zan yi maka. Shiga mu gwada ta a titi."

Suka hau hanyar filin jirgi, Yoila na tuƙi. Ya taka, motar ta amsa nan take. Suka wuce masu sayar da kankana, suka wuce gidan mai, ya kai inda ya saba juyawa bai juya ba. Can ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya tsaya, bai kashe injin ba. Yana kallon gaba ya fara magana. Ya ba shi labarin buhunan, da jakar Ishmael, da dariyar da yaron ya yi, da motocin da suka juyo a guje, da kiran da yayarsa take yi masa ya je ƙauye. Bai taɓa faɗa wa kowa da bakinsa ba, ko Florence a wurin wasu ta ji.

"Buhu ɗaya kawai zan sauke," ya ce. "Na gaba. Buhun wake ɗaya. Da ya zauna a nan inda kake zaune."

Ba'ana ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. "Ni bakanike ne, Malam, ban san abin da ake faɗa a irin wannan ba. A garin nan kowa ka taɓa yana da ranar da yake cewa da na sani. Amma ita baiwar Allahn nan tana raye, kuma kai take kira." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka bi ta Damaturu. Ka isa Jimtilo kafin sojoji su buɗe ƙofar fita gari don ka shiga sahun gaba. In ka kai Buni Yadi ka tsaya ta huta, ka duba ruwa. Kar ka ji tsoron taka ta, tafiyar ma magani ce a wurinta."

Da ya koma gida waken ya huce. Florence ta ɗumama masa, ta zauna tana kallonsa yana ci. Ta riga ta ji shigowar motar, ta san an gyara. Da ya gama ya wanke hannu ya ce:

"Maman Peace, jibi Alhamis. Ki nemo mata sabulu da sukari, da irin zanen nan mai duhu da take so."

"Suna cikin jaka tun makon jiya," in ji ta.

Ranar Alhamis hantsi bai yi ba suna bayan Jakana. Hanyar cike take da motoci, manya da ƙanana, ga shingayen sojoji nan da can. A kowane shinge Yoila sai ya ƙanƙame sitiyari. Florence ta lura, ta riƙa ɓare masa gyaɗa tana zuba masa a hannu, tana ba shi labarin rigimar 'yan ƙungiyar mata a kan kalar anko. A Damaturu suka karya kudu. A Buni Yadi ya tsaya kamar yadda aka ce masa, ya jira, ya duba ruwa, yana nan yadda yake. Daga nan hanya ta yi muni, ramuka da gine-ginen da aka ƙone ba a sake gyarawa ba, amma a tsakaninsu dawa ta yi tsayi ta fitar da kai, mata suna tafe da ƙwarya a ka. Wajen Miringa ƙasa ta fara tashi, baƙaƙen duwatsun da ya sani tun yana yaro suka bayyana. Motar ta hau tudun ba tare da ya sauke giya fiye da sau ɗaya ba. A haka suka wuce Biu.

La'asar ta kusa suka shiga ƙauyen. Cocin da ya sani an sake gina shi da bulo, tsamiyar bakin kasuwa kuma babu ita. Gidan Kezia yana nan inda yake, sai dai katangar gabas ta zube an tare da zana. Tana zaune a kan tabarma a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta rame, ta ƙanƙance. Da ta ji tsayuwar mota ta ɗaga kai.

Florence ce ta fara isa, ta durƙusa ta rungume ta. Yoila ya tsaya daga baya riƙe da hularsa.

"Ina yake?" in ji Kezia. "Ko ke kaɗai ya turo?"

"Ga ni, Yaya."

"Matso. Daga nan inuwa kawai nake gani."

Ya durƙusa a gabanta duk da ciwon ƙafar. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya shi wajen haske, ta kawo idonta na dama kusa har yana jin numfashinta. Ta daɗe tana dubawa.

"Ka tsufa," ta ce. "Ka koma Baba sak. Har kunnuwan."

Maƙwabta suka shigo gaisuwa, aka kawo ruwa, aka kawo kunun gyaɗa. Sai da rana ta yi sanyi mutane suka ragu, Florence ta bi wata maƙwabciya ɗebo ruwa, aka bar su su biyu. Yoila ya ja tiren gyaɗar ya fara taya ta ɓara.

"Yaya, akwai maganar da na kasa yi miki tun ranar. Ni na ce wa Ishmael ya shiga bas. Wuri ne babu a motar, kuma da na sauke..."

"Wa ya cika motar?"

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗar.

"Na ce wa ya cika ta? Kai ka ce masara ta isa. Ni na sa aka fito da gyaɗar. Waken nan na gaba, har ka tayar da mota na ce a tsaya, na sa yara suka ɗora. Na ce yaran birni suna jin yunwa." Ta jefa ɓawon a ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya ina kwana da buhun nan ina tashi da shi. Na ɗauka shi ya sa ba ka zuwa. Na ce Yoila ya kasa kallon matar da ta kashe ɗanta da wake."

"Yaya! Ko sau ɗaya ban taɓa..."

"To ni ina zan sani? Ka zo ne balle ka faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo masa a kan tiren, bai share ba. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da ɓara, sai can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Waɗanda suka tare hanya su suka tare hanya. Fasto ya faɗa mini haka ya fi sau ɗari. Wata rana ina yarda, wata rana ba na yarda. Amma da kana zuwa, da ko ba komai mun riƙa zama muna tuna shi tare. Nan duk an manta yadda yake dariya. Matasan ma ba su san shi ba."

"Ni ban manta ba," in ji Yoila.

"To faɗa mini."

Ya fara ba ta labarin zaman Ishmael a gidansu na Gomari: yadda yake cinye tuwon da aka ajiye wa Peace ya ce ɓera ne, yadda ya koyi Kanuri a wurin masu shayi har yana yi wa Florence ciniki a kasuwa, da ranar da ya ɗauki motar ba izini ya shigar da ita kwata. Wannan na ƙarshen Kezia ba ta taɓa ji ba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Ya matsa kusa da ita ya zauna. Haka Florence ta dawo ta same su, ta ajiye bokitin a hankali ta wuce madafa.

Kwana uku suka yi niyyar yi, suka yi goma sha biyu. Ranar Litinin ya kai Kezia asibiti a Biu aka duba idon. Likitan ya ce na hagun ya riga ya tafi, amma na daman yanar ido ce ta rufe shi, kuma ana iya cirewa a Maiduguri. Kezia ta ce ba inda za ta sai an gama cire gyaɗa an shanya. Yoila bai yi mata gardama ba. Ya nemo magina biyu suka tayar da katangar gabas, shi yana zaune a kujera yana nuna musu inda ta karkace, ita kuma tana daga inuwar rumbu tana cewa ba haka mijinta ya gina ta ba.

Ranar da za su tafi suka tsayar da magana: sati na biyu na Nuwamba zai dawo ya ɗauke ta, ta zauna a Gomari har idon ya warke. Ta sa ya maimaita ranar sau biyu a gaban Florence da maƙwabciyarta Binta, don a samu shaidu. Sannan ta ce su tashi haka nan, rana tana yi, kuma in sun isa su kira wayar Binta, don tata ba ta riƙe caji.